Akori-kurata za ta iya jan wannan tirelar kwana?

Baban Ummi: Assalamu alaikum jama'a. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar ja a nan Amurka. Muna son sayen tirelar kwana, irin ɗakin nan mai taya da ake maƙalawa a bayan mota, mai gado da kicin da banɗaki, saboda fita da yara lokacin hutu. Motata Ford F-150 ce ta 2019, mai ƙofa huɗu da gajeren bodi, injin 3.5 mai turbo. Dillali ya ce tana jan sama da laba 10,000. Tirelar da muka gani nauyinta ba kaya laba 6,400, iyakar nauyinta da kaya 7,800, tsawonta ƙafa 33 daga wuya, wato ƙarfen gabanta da ake maƙalawa a mota, zuwa bamba. Mu biyar ne. A lissafina akwai rarar laba dubu biyu da ɗoriya. In sa hannu?

Ɗan Damagaram: Wa alaikumus salam. Ajiye biron tukuna, Malam. Fita ka buɗe ƙofar direba, ka duba ginshiƙin da ƙofar ke rufuwa a kai. Sitika biyu za ka gani. Mai ruwan ɗorawa da fari tana faɗin jimillar nauyin mutane da kaya da motar ba za ta wuce ba. Ɗayar kuma tana ɗauke da GVWR, wato iyakar nauyin motar gaba ɗaya, da GAWR na gaba da na baya, wato abin da kowane aksil zai ɗauka. Kawo mana waɗannan lambobin. Na motarka muke so, ba na talla ba, don mota biyu iri ɗaya shekara ɗaya sai ka tarar da bambancin laba ɗari biyar a tsakaninsu saboda rufin gilashi da kujerun fata da babban tanki.

Baban Ummi: Na duba. Mutane da kaya 1,580. GVWR 7,000. Aksil na baya 3,800.

Ɗan Damagaram: To ga inda gizo ke saƙa. Ja daban, ɗauka daban. Tirela ba a tayoyinta kaɗai take zaune ba, wuyanta yana danne bayan motarka, kuma wannan nauyin wuyan daga cikin 1,580 ɗin nan yake fita. A tirelar kwana nauyin wuya yana tsakanin kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na nauyinta da kaya. Yi lissafi da kashi 13, don yawancinsu can suke sauka. 7,800 sau 0.13 ya ba ka 1,014. Saura 566 kenan ga kai da uwargida da yara uku da duk abin da ke bodi. Ku biyar nawa ne nauyinku?

Baban Ummi: In an haɗa mu duka kusan 590. Akwai murfin bodi da na sa bayan na sayi motar, zai yi 70. Sai kula da ƙaramin janareta da akwatin kayan aiki, a ce 150.

Ɗan Damagaram: Ƙara 90 na mahaɗi mai raba nauyi, wato ƙarfen da ke haɗa tirela da mota yana rarraba nauyin wuya, don ƙarfe ne zalla kuma a jikin motar yake. 590 da 70 da 150 da 90, ya tashi 900. Cire daga 1,580, saura 680. Wannan ne kaɗai abin da ya rage wa wuyan tirela. Raba 680 da 0.13, ka sami kusan 5,200. Tirelar da motarka za ta ɗauka da wannan lodin kenan, ba 10,000 ba. Waccan ta 7,800 ta zarce da laba 334 tun ba ku bar ƙofar gida ba. Abu ɗaya da ba sai ka cire ba shi ne mai, an riga an lissafa cikakken tanki a sitikar.

Baban Ummi: Ikon Allah. To ina amfanin 10,000 ɗin da kamfani ya rubuta? Ƙarya ce kenan?

Malam Injiniya: Ba ƙarya ba ce, amsar wata tambaya ce daban. Akwai ma'aunin gwada ƙarfin ja da ake kira SAE J2807, wanda Toyota ta fara bi, sannan Ford da GM da Ram suka shigo da ƙananan akori-kurarsu a motocin 2015. Cikin gwajin har da hawan Davis Dam a jihar Arizona, mil 11.4, a zafin da bai gaza digiri 100 na ma'aunin Fahrenheit ba, na'urar sanyaya mota a ƙure, kuma gudu kada ya faɗi ƙasa da mil 40 a awa. Gwaji ne na gaske, yana nuna inji da giyabos da lagireto da birki za su jure. Sai dai an ɗauka mutum biyu ne kacal a motar, kowanne laba 150, bodi fayau, nauyin wuya kuma kashi 10. Kai kuwa ku biyar ne da kaya, wuyanka kashi 13. Sannan tirelar kwana gabanta kamar bango yake, faɗi ƙafa 8, tsayi ya haura 10. Laba 7,000 na ƙarafa a kwance kan tirela mai shimfiɗa da laba 7,000 na ɗaki mai tare iska ba ɗaya ba ne a wurin inji. Shi ya sa littafin mota ke da wani layi da ba a cika karantawa ba, mai ƙayyade faɗin gaban tirela.

Oga Bakanike: Ni fa ina da ja a nan, ranka ya daɗe Ɗan Damagaram. Ka yi lissafi da 7,800 kamar dole sai ya cika ta maƙil. Wa ya ce zai zuba kayan laba 1,400? Mutumin da zai fita kwana uku? A yi masa adalci, a lissafa da abin da zai ɗauka da gaske.

Maman Biyu: Oga, bari mu ƙirga kayan ɗaya bayan ɗaya ka gani. Da farko 6,400 ɗin nan ta takardar talla ce. Tirelar da ke tsaye a filin dillali tana da tata sitika mai ruwan ɗorawa a bakin ƙofa, kuma sau da yawa ta fi ta talla nauyi saboda abubuwan da aka ƙara mata. Sai ruwa: galan ɗaya laba 8.3 ne, tankin galan 40 ya zama 332. Tukunyar gas mai cin laba 20, in an cika ta, ita da ƙarfenta kusan 37, kuma biyu ake sawa. Batir ɗaya wajen 50. Tukwanen gas da batir a kan wuya suke zaune, kusan duk nauyinsu kan mota yake sauka, kuma lambar nauyin wuya ta talla ba ta cika haɗawa da su ba. Sannan mesar ruwa, mesar banɗaki, wayar wuta, katakan daidaita taya, kujeru, tabarma, bargo, tufafin mutum biyar. Mu kuma ba burodi da cuku za mu ci kwana uku ba. Shinkafa, galan ɗin mai, tukwane, turmi ma wata sai ta ɗauka. Laba dubu ba ta da wuyar cika.

Oga Bakanike: Na yarda da dubu, Hajiya. Ya zama 7,400, ba 7,800 ba.

Maman Biyu: 7,400 sau 0.13, 962. Abin da ya rage masa 680. Har yanzu ya wuce da 282. Ko ta ina ka bi, a nan za ka fito.

Oga Bakanike: To a kwashe janareta da kula da akwatin daga bodi a mayar cikin tirela. Laba 150 a bodi duka motar ke ɗauka, amma a cikin tirela kusa da aksil abin da zai iso wuya bai fi 20 ba. Rarar ta koma 830, a raba da 0.13, kusan 6,400. Wannan ba wayo ba ne, haka ake lodi.

Ɗan Damagaram: Wannan gaskiya ne, na ba ka. Bodi ya zama wayam. Amma 6,400 ɗin da ka samu nauyi ne da kaya, ita kuwa wadda yake so a 6,400 take farawa ba ko cokali a ciki. Kuma kada a manta yara girma suke. Ɗan shekara goma mai laba 80 yau, nan da shekara huɗu ya doshi 130.

Baban Ummi: To in na tura kayan can bayan tirelar fa, wuyan ya yi sauƙi? Na kuma ga ana sayar da balan-balan na iska da ake sawa a sifirin na baya don kada mota ta durƙusa.

Ɗan Damagaram: A'a, Malam, don Allah kada ka yi na farkon. Duk cikin maganar nan babu abin da ya kai shi haɗari. Tirela tana tafiya a miƙe ne saboda tsakiyar nauyinta yana gaban aksil. Da zarar wuya ya faɗi ƙasa da kashi 10, sai ta fara kaɗa wutsiya. A gudun mil 45 a awa ba za ka ji komai ba. A mil 62, babbar mota ta wuce ka ko iska ta bugo daga gefe, wutsiya ta tafi dama, ta dawo hagu fiye da yadda ta tafi, karo na uku ta ja bayan motarka da ita. Ƙa'idar lodi ita ce kusan kashi 60 na kaya a gaban aksil, masu nauyi a ƙasa kuma kusa da aksil ɗin. Kekuna da janareta a bamban baya su ne suka fi jawo wannan. A lura kuma da tankuna: in na ruwa mai tsabta yana gaba, na ƙazanta yana baya, to tirelar da ta fita da wuya mai kyau za ta iya dawowa da wuya mara nauyi, don ruwan ya koma baya. A zubar kafin a hau babbar hanya.

In kuwa ta fara kaɗawa: ɗage ƙafa daga totur, riƙe sitiyari a miƙe, kada ka taka birkin mota, kada ka yi ƙoƙarin gyara ta da sitiyari. Matsa hannun na'urar birkin tirela da ke gaban direba da yatsa, birkinta kaɗai ya kama, ta ja baya ta miƙe kamar igiya.

Oga Bakanike: Balan-balan kuma ɗaga bayan mota kawai yake, ta daina kallon sama. Bai ƙara wa aksil ko boris ko taya ko birki ƙarfin komai ba, sitikar ƙofa tana nan yadda take. Bai kuma mayar da nauyi kan tayoyin gaba ba, wanda shi ne ainihin matsalar. Ƙwallon mahaɗi yana can bayan aksil da kusan ƙafa biyar, saboda haka motar ta zama kamar lilon yara: ka danna baya, gaba ya ɗaga. Sitiyari ya yi sakwa-sakwa, birkin gaba ya rage kamu, fitila ta haska saman bishiya. Mahaɗi mai raba nauyi ne maganin wannan, da sandunansa biyu na ƙarfe. Leƙa ƙarƙashin bamba, akwai sitika a jikin bututun mahaɗin mai layi biyu. A F-150 in babu sandunan iyakarka laba 5,000 ne da 500 a wuya. Sayi wanda ke da maganin kaɗawa a jikinsa, kuma sandunan su dace da nauyin wuyanka, kada ka ɗauko na 1,400 ka sa wa wuyan 750, tafiyar za ta yi tauri har ta wahalar da ƙarfen tirelar. Duba girman ƙwallo a jikin bakin tirela, a rubuce yake. Masu wannan girman galibi inci 2 da 5/16 ne. Ƙwallon inci 2 zai shiga, har ya yi kamar ya kulle, sai a rami na farko ya fice.

Saitin kuma da tef ake yi. A fili mai daidai, auna daga ƙasa zuwa bakin modigad na gaba ba tirela. Maƙala tirela ba sanduna, sake aunawa, za ka ga ya ɗaga. Ɗaura sanduna har ya sauko gwargwadon yadda littafin motarka ya ce, wasu rabi suke so, wasu fiye. Kada dai ya sauka ƙasa da awon farko. Tirelar ta tsaya daidai ko hancinta ya ɗan sunkuya, ba ya kalli sama ba.

Baban Ummi: Tunda sandunan suna mayar da nauyi kan tirela, ba zan iya cire wannan daga lissafin ba?

Malam Injiniya: Suna mayarwa, amma ba da yawa ba. Bari in ba da misali da lambobi, daga nan kuma ka ga yadda ake awo. Sikelin CAT da ke gidajen man manyan motoci faranti uku gare shi: tayoyin gaba, na baya, na tirela. Sau uku za ka hau, iyali na ciki, tanki cike.

Mota kaɗai: a ce gaba 3,400, baya 2,770, jimla 6,170.
Da tirela, sanduna a kwance: gaba 3,100, baya 3,820, tirela 5,050. Motar ta zama 6,920. Cire 6,170, nauyin wuya 750. Tirelar gaba ɗaya 5,050 da 750, wato 5,800, wuya ya kama kashi 12.9.
Da sanduna a ɗaure: gaba 3,250, baya 3,585, tirela 5,135.

Ka lura da abu biyu. Wuyan 750 ya ɗora wa aksil na baya 1,050, don ya kwaso 300 daga gaba ya haɗa, har ya haura 3,800 ɗinka kafin a ɗaura sanduna. Na biyu, abin da ya koma kan tirela 85 ne kacal. Motar ta tsaya a 6,835, saura 165 ta kai 7,000. Wannan fa da tirelar 5,800 ne da bodi wayam. Ka bar 85 ɗin ya zama rararka, kada ka ci shi tun a takarda.

Maman Biyu: Wasu za su ce maka kawai kada ka wuce kashi 80 na ƙarfin ja. Ba na son wannan ƙa'idar. Kashi 80 na 10,000 shi ne 8,000, da ita da tuni ka sayo waccan.

Oga Bakanike: Tana da amfani a wajen hawa, Hajiya. Inji mara turbo yana rasa kusan kashi 3 na ƙarfinsa a kowace ƙafa 1,000 ta tudu, Ford ma ta ce a rage jimillar nauyin mota da tirela da kashi 2 a kowace ƙafa 1,000. Ramin Eisenhower, inda babbar hanyar I-70 ta ratsa cikin dutse a Kolorado, ya haura ƙafa 11,000 a tudu. Amma na yarda, a motarsa ɗauka ce za ta ƙare kafin ja. Gangara ma ta fi hawa ban tsoro. Danna maɓallin jan kaya mai suna Tow/Haul, sauke giya tun daga sama, taka birki da ƙarfi na ɗan lokaci ka saki. In ka ɗora ƙafa a kai har ƙasa, zai yi zafi ya daina kamawa.

Ɗan Damagaram: Ba mu taɓa tsawo ba. Akwai lissafin da masu ja ke yi, ba doka ba ce: tazarar inci 110 tsakanin tayar gaba da ta baya tana riƙe tirela ƙafa 20, kowane ƙarin inci 4 ya ba ka ƙafa ɗaya. Taka inci 145 ce, ya kama ƙafa 28 zuwa 29. Ga sabon hannu ni 26 zan ce. Lambar da ke jikin sunan tirela kuma yawanci tsawon ɗakin ne, wuya da bamba suna ƙara ƙafa uku zuwa huɗu. Tafi da tef.

Kawu Na Kano: Ina biye da ku daga gida. Mu nan Hilux muke da ita, ana jan janareta da tankin ruwa da ita. Lissafin ɗaya ne?

Malam Injiniya: Ɗaya ne, Kawu, sai dai da kilo. Sababbin Hilux masu dizal da ake sayarwa a Turai da Ostareliya an ba su har kilo 3,500 in tirelar tana da birkinta, in babu birki kilo 750 kacal. Wannan na biyun ya fi shafar gida, don yawancin tirelolin da masu walda ke haɗawa ba su da birki. Tankin lita 1,000 kilo 1,000 ne na ruwa kaɗai, kuma in rabi ne ruwan yana tunkuɗa mota a duk birki. Ƙarfen ja da aka yi wa walda a bamba ba shi da wani awo, a jikin shasi ake ɗaure na gaske. Ƙwallon Turai milimita 50 ne, na Amurka mai inci 2 kuwa 50.8, kada a gauraya.

Baban Ummi: Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Na fasa waccan. Yanzu ina duba masu iyakar nauyi 6,000, tsawo 25 zuwa 26, masu gadon yara hawa biyu. Me zan duba ranar ɗauka?

Maman Biyu: Ɗauki hoton sitikar nauyi ta wadda za ka saya ɗin, ba irinta ba. In ta hannu ce, tura yatsa a kusurwoyin rufi da ƙasan tagogi, inda ya yi laushi ruwa ya shiga, ka bar musu abinsu. Duba lambobi huɗu na ƙarshe bayan DOT a gefen taya: 2319 yana nufin mako na 23 na 2019. Tayar tirela tsufa ke kashe ta, ba cinyewa ba, in ta kai shekara biyar zuwa shida a canza ko da zanenta na nan. Yawancin tsofaffin tayoyin ST, wato na tirela, gudun mil 65 a awa ne iyakarsu. A Kalifoniya ma duk mai ja mil 55 doka ta ba shi, kuma tirelar kwana daga laba 1,500 dole ta kasance da birki.

Oga Bakanike: Tabbatar motarka tana da na'urar birkin tirela a gaban direba, don soket mai baki bakwai a baya ba ya nufin akwai ta. In babu, sa irin mai kamawa gwargwadon yadda ka taka, ba mai ƙirga daƙiƙa ba. Saitinta: a fili mara mutane, gudun mil 20 zuwa 25, matsa hannun har ƙarshe. In tayoyin tirela sun kulle sun yi ƙara, rage lamba. In ba ka ji ta riƙe ka ba, ƙara. Inda take dab da kullewa nan ne daidai, kuma ka sake saiti in lodi ya canza. Sarƙoƙi biyu a gicciye su ƙarƙashin wuya, don in ya fice su tare shi. Siririyar wayar birkin gaggawa a jikin mota ake maƙala ta, ba a jikin sarƙa ba, kuma ba ta aiki in batirin tirela ya mutu. Iskar taya da safe ake aunawa kafin a motsa.

Ɗan Damagaram: Madubin ja ma, tunda faɗinta ƙafa 8 ne. Ka kuma tafi da sifana mai awon ɗauri. Notocin tayar sabuwar tirela suna saki a tafiyar farko, a sake ɗaure su a mil 10, da 25, da 50. Daga filin dillali ka wuce sikeli kai tsaye, ka ajiye takardar awon a mota, sai ka sake hawa ranar da uwargidanka ta gama zuba tukwanenta.